Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya shirya mana gudun nishaɗi da tsallake shingaye

Zuwa ga Manajan Darakta da sauran shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda amsar da sashenku na kula da abokan hulɗa ya aiko mini ranar Talata, 11 ga wata, da ƙarfe 4:17 na yamma, domin ita ce ta tabbatar mini da cewa bin ku ta waya da imel ba zai haifar da komai ba. Ga abin da aka rubuto mini, ban ƙara ba, ban rage ba: "Muna tunatar da kai cewa wannan taron nishaɗi ne, ba gasar ƙwararru ba, kuma kun sa hannu a takardar ɗaukar alhaki kafin ku shiga fili. A matsayin kyautatawa, muna ba ka rangwamen kashi 15 cikin ɗari idan za ka yi rajistar taronmu na gaba." A lokacin da nake karanta waɗannan kalmomi, ƙanena yana kwance da karaya biyu a ƙafar dama, karayar da ya samu a filinku, a kan shingen da ku kuka kafa. Saƙon bai ambace shi ba, bai tambayi lafiyarsa ba, kuma babu sunan kowane ma'aikaci a ƙarƙashinsa.

Ya kamata masu karatu su san abin da kuka sayar mana tun farko. Tallarku ta ce gudu ne na kilomita 5 mai ɗauke da shingaye 20, za a riƙa sakin mahalarta rukuni-rukuni, mutum 150 a kowane minti 15, domin kada a yi cunkoso. Ta ce akwai tashoshin shan ruwa guda uku a kan hanya, akwai ma'aikacin lafiya a kowane babban shinge, kuma taron ya dace da kowa, har da wanda bai taɓa shiga tsere ba. Wannan alkawari na ƙarshe shi ne ya sa na yi wa ƙanena rajista tare da ni. Na biya kuɗin mutum biyu cif, na ƙara da kuɗin na'urar auna lokaci da ake ɗaurawa a idon sawu, da kuɗin hotuna, da wani ƙarin da shafinku ya kira inshorar mahalarta, wanda ba ya barin mutum ya kammala rajista sai ya biya shi. Rasit ɗin kowane ɗaya yana hannuna.

Ba taɓo nake ƙorafi a kansa ba, ba kuma gajiya ko ƙujewar gwiwa ba. Duk wanda ya yi rajistar irin wannan tsere ya san zai yi rarrafe a cikin laka a ƙarƙashin waya mai ƙaya, zai hau katanga, zai ja igiya har tafin hannunsa ya yi ja, zai shiga ruwa mai sanyi ya fito yana makyarkyata. Abin da ya kai mu ke nan. Wannan wasa ya daɗe: tun shekarar 1987 aka fara tseren Tough Guy a Ingila, kuma daga shekarar 2010, lokacin da Spartan Race da Tough Mudder suka fara a Amurka, ya bazu ko'ina a duniya, har ta kai ga za a saka tsallake shingaye a madadin hawan doki cikin wasan nan mai sassa biyar na gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Mutane suna son sa ne saboda abin da ni ma na gani da idona a wannan rana: wanda bai san ka ba ya durƙusa ka taka kafaɗarsa ka haye katanga, wanda ya riga ka hawa ya juyo ya miƙo maka hannu, a jira mai rauni a rukuni har ya iso. Wannan zumunci mahalarta ne suka zo da shi. Abin da ya rataya a wuyanku shi ne tsari da tsaron lafiya, kuma a nan ne kuka gaza.

An rubuta mana cewa rukuninmu zai tashi da ƙarfe 9:30 na safe. Ba a sake mu ba sai da rana ta take sosai, kuma da aka tashi sakin sai aka haɗe rukunai da yawa wuri guda, taron da ko kusa ba zai yiwu a ce mutum 150 ne ba. Tun daga shinge na uku gudu ya ƙare, aka koma tsayuwa a layi. A gaban katangar da ake hawa da igiya mun tsaya har jikinmu ya huce, lakar da ke jikinmu ta bushe, wasu suka gaji suka kewaye shingen suka wuce, ba wanda ya ce musu uffan. A tashar ruwa ta farko mun samu ruwa. A ta biyu mun tarar da tebur da tarin kofuna a ƙasa da wasu matasa biyu 'yan sa-kai suna ba mutane haƙuri, suna cewa ruwa ya ƙare tun da hantsi kuma sun yi ta kira babu amsa. Ta uku kuwa ban gan ta ba sam. Ina jinjina wa waɗannan matasa, domin su aka bari suna shan fushin jama'a a kan laifin da ba nasu ba.

Ƙarewar ruwa a wurin tsere ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai wannan sana'a ya sani. Mutumin da ke motsa jiki a cikin zafi ba tare da ruwa ba, zafin jikinsa yana iya haura digiri 40, ya ruɗe, ya faɗi, kuma idan ba a sanyaya shi cikin gaggawa ba yana iya rasa ransa. A watan Oktoban 2007 sai da aka dakatar da gudun fanfalaki na Chicago ana tsakiyar yinsa saboda tsananin zafi, bayan ɗaruruwan mutane sun buƙaci agajin likita. Waɗancan sun ga halin da ake ciki sun tsayar da tserensu. Ku kuwa kun ci gaba da sakin mutane cikin fili kuna sane da cewa babu ruwa a gabansu.

A shinge na 14 ne abin ya faru. Ragar igiya ce da aka ɗaura a jikin katako mai tsayi, ana hawa ta gefe ɗaya a sauka ta ɗaya gefen. Allon da ke gabanta ya ce kada fiye da mutum shida su hau a lokaci guda, amma babu ma'aikaci ko ɗaya a wurin da zai ƙirga, don haka mutanen da suka gaji da jira suka yi ta hawa yadda suka ga dama. Ƙanena yana gab da kaiwa sama sai katakon da ke riƙe da ragar ya tsage ta gefe guda, ragar ta zube da mutanen da ke kanta, shi ya faɗo a kan busasshiyar ƙasa, wasu biyu suka faɗo a kansa. Babu katifa a ƙasan, babu yashi, babu ko ciyawa. Wata baiwar Allah daga cikin mahalarta, wadda ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, ita ta hana a ɗaga shi, ta cire rigarta ta sama ta yi masa inuwa da ita. Wani kuma ya ruga da gudu neman taimako. Da ma'aikatanku suka iso, mutum biyu ne da ƙaramin akwatin magani, babu gadon ɗaukar majiyyaci, kuma suka ce motar asibiti guda ɗaya ce a filin, tana can bakin ƙofar shiga, ba za ta iya biyo hanyar ba saboda laka. A kan ƙyauren katako muka ɗauke shi, mu shida, huɗu daga ciki ban san sunayensu ba har yau. Daga baya na ji cewa an ɗaure ragar da wata igiya an sake buɗe shingen, mutane suka ci gaba da hawa.

Da muke fita da shi mun wuce ta gefen ramin ruwan da ake tsalle a faɗa ciki. Ruwan ya yi baƙi, ba a ganin abin da ke ƙasansa, mutane suna faɗawa a kan juna, kuma ban ga mai ceto ko ɗaya a bakinsa ba. A shekarar 2013, a jihar West Virginia ta Amurka, wani matashi mai shekara 28 ya nutse a irin wannan rami a wani tseren shingaye, ya rasu. A shekarar 2012 kuma, a jihar Nevada, jami'an kiwon lafiya sun gano mutum 22 da suka kamu da gudawa bayan sun haɗiyi ruwan laka a tseren da aka yi a filin kiwon shanu. Waɗannan abubuwa a rubuce suke, kuma kamfanin da ke karɓar kuɗin dubban mutane ba shi da hujjar cewa bai ji labarinsu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina so ku gaya mana wanda ya gwada wannan ruwa kafin ku tura mutane cikinsa, da wanda ya duba katakon shinge na 14, da ranar da ya duba shi.

Tun daga washegarin taron na fara neman ku. Na cika fom ɗin da ke shafinku, na aika hotuna da takardar asibiti, na yi ta kiran lambar da kuka bayar, wani lokaci ta yi ta ringi har ta katse, wani lokaci a ce in jira a haɗa ni da wanda abin ya shafa sannan layi ya mutu. Makonni suka wuce a haka. Sau ɗaya tak na samu wanda ya tsaya ya saurare ni, ranar Alhamis, 6 ga wata, da ƙarfe 11:05 na safe, kuma hirar ta ɗauki minti tara. Na tambaye shi sunan kamfanin inshorar da na biya kuɗinsa da lambar yarjejeniyar. Ya ce ba shi da izinin bayar da wannan bayani. Na tambaye shi wa ke da izini. Ya ce manaja, kuma manaja yana wurin shirya taro na gaba. Na ce masa katako ne ya tsage, ba zamewa yaron ya yi ba. Sai ya ce, kuma na rubuta maganarsa a take: "Malam, mutane da yawa sun hau wannan raga lafiya lau, wataƙila ƙanen naka ne bai shirya wa wasan ba." Na roƙe shi ya maimaita, ya maimaita. Na nemi sunansa, ya ce ba sa bayar da suna, ya kashe wayar. Bayan wannan ne aka aiko mini da tayin rangwame.

Game da takardar da kuke ta nuna mini, e, mun sa hannu. An miƙo mana ita a bakin ƙofa, a cikin layi, shafi huɗu da ƙananan haruffa, ana ce mana mu yi sauri. Abin da muka amince da shi shi ne haɗarin da ke tattare da wasan kansa: mutum ya zame, ya yi targaɗe, ya ƙuje. Ba mu sa hannu a kan ruɓaɓɓen katako ba, ko shingen da aka bari babu mai tsaro, ko tashar ruwa marar ruwa, ko motar asibitin da ba ta iya isa inda majiyyaci yake. A Birtaniya, tun shekarar 1977 doka ta hana kamfani fakewa da irin wannan takarda idan sakacinsa ne ya jawo rauni ko mutuwa, kuma ko a inda doka ba ta fito fili haka ba, mutunci ya isa ya hana. Haka kuma cewa taron na nishaɗi ne ba ta rage muku nauyi, sai ma ta ƙara, domin waɗanda kuka gayyato iyaye ne da ɗalibai da ma'aikatan ofis da ba su san alamun bugun zafi ba, ba su kuma san yadda lafiyayyen shinge yake ba, sun dogara da ku ne kacokan. Gudun parkrun da aka fara a Landan a shekarar 2004 kyauta ake yin sa kowace Asabar, kilomita 5, 'yan sa-kai ne ke gudanar da shi, amma suna tsayar da masu lura a kan hanya, suna sa mutum ya biyo bayan na ƙarshe don kada a bar kowa, suna kuma fitar da sakamako. Ni da na biya kuɗin na'urar auna lokaci har yau ban ga nawa sakamakon ba, hotunan ma ba a turo ba.

Da farko abin da na nema kawai shi ne a mayar mini da kuɗin rajista a kuma ba ni bayanin inshora. Yanzu ina neman a biya kuɗin asibitin ƙanena gaba ɗaya, har da na gashin ƙashi da likita ya ce zai buƙata bayan an cire filasta, a kuma rubuto masa takardar ban haƙuri mai ɗauke da suna da sa hannun shugaban kamfani. Ina neman ku bayyana wa jama'a adadin tikitin da kuka sayar da adadin mutanen da filin zai iya ɗauka, da yawan ma'aikatan lafiyar da kuka ɗauka a ranar, da yawan waɗanda suka ji rauni. Tun da na fara magana, mahalarta da dama sun tuntuɓe ni, wasu daga tarukanku na baya, kuma labarinsu iri ɗaya ne: cunkoso, ƙarewar ruwa, shingaye babu masu tsaro, da amsar nan ta rangwame kalma da kalma. Wannan ya sa na daina ɗaukar abin da ya same mu a matsayin tsautsayin rana ɗaya. Zargina shi ne kuna sayar da tikiti fiye da ƙima da gangan, kuna rage kashe kuɗi a kan ruwa da ma'aikatan lafiya da gyaran shingaye saboda ba a ganin su a hoton talla, kuna kuma karɓar kuɗin inshorar da kuka kasa nuna wa kowa takardarta. Idan ba haka ba ne, takardun suna hannunku, ku fito da su.

Na ga kun buɗe rajistar taro na gaba, har da rukunin yara. Ina kira gare ku da ku dakatar da shi har sai wani injiniya mai zaman kansa ya duba kowane shinge ya sa hannu. Na ba ku kwana 14 daga yau ku ba ni amsa a rubuce. Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ku ba, zan miƙa rasit da hotuna da takardun asibiti da bayanan shaidu ga hukumar kare haƙƙin masu saye da kuma lauya, tare da sauran mahalartan da suka amince a haɗa ƙorafinsu da nawa.

Naku,
Ɗaya daga cikin mahalarta, kuma yayan wanda ya ji rauni a shinge na 14