Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu game da wurin cajin salula a jikin babur

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu babura na garin Tahoua da ƙauyukan Adar, musamman ƴan kabu-kabu waɗanda su ne suka fi yawan sallama a shagonmu.

Mun rubuto muku wannan wasiƙa ne domin mu sanar da ku cewa mun canza yadda muke saka wurin cajin salula a babur, kuma muna roƙon duk wanda muka yi wa wannan aiki a baya ya dawo mana da babur ɗinsa mu gyara masa kyauta.

Tun lokacin da Najeriya ta yanke wa ƙasarmu wutar lantarki a watan Agustan 2023, buƙatar wannan aiki ta ƙaru matuƙa, domin ɗan kabu-kabu da salularsa ta mutu ya rasa kiran fasinja, ya rasa kuma hanyar karɓar kuɗin da aka aiko masa. Saboda yawan jama'a da kuma gaggawarsu, sai muka riƙa bin hanya mafi sauƙi, wato mu ɗauko wuta kai tsaye daga kan bateri ba tare da fiyus ba, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta idan ta yi yawa. Wannan kuskure ne, kuma namu ne, ba na masu baburan ba.

Abin da ya farkar da mu shi ne wani matashi da ya turo mana babur ɗinsa da ƙafa, yana cewa ya ji ƙaurin roba a kan hanyarsa ta dawowa daga Badagishiri. Da muka cire tanki, sai muka tarar jar wayar da muka saka ta daɗe tana gogar ƙarfen jikin babur har robarta ta cinye, ta narke ta manne da sauran wayoyi, tazararta da bututun fetur ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Allah ne ya kiyaye. Da akwai fiyus a wurin, da shi kaɗai zai ƙone a daidai lokacin da wayar ta taɓa ƙarfe, a sauya shi da kuɗi kaɗan.

Ga yadda aikin yake yanzu. Baterin babur yana ba da wuta bolt 12, idan inji yana aiki kuma ta kan haura zuwa wajen 14, alhali salula bolt 5 take buƙata ta kafar USB. Ɗan akwatin da muke ɗaurawa a hannun babur, wato caja, shi ne ke rage wutar, kuma ko ba a jona masa salula ba yana shan wuta kaɗan-kaɗan dare da rana muddin yana haɗe da bateri. Baterin yawancin babura masu inji 125 ƙarami ne, don haka wanda ya ajiye babur kwanaki, ko ya bar iyalinsa suna cajin salula biyu ko uku da dare inji a kashe, shi ne ke wayar gari sitata ta ƙi tashi sai an buga kik. Saboda haka yanzu muna ɗaukar wutar ne daga wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, mu saka ƙaramin fiyus kusa da inda muka jona, mu like mahaɗar da dalma maimakon murɗa wayoyi a naɗe da baƙin tef, sannan mu bi da wayar ta cikin bututun roba mu ɗaure ta nesa da zafin inji. Launin waya ba ya isar mu shaida, domin na Haojue da na Boxer ba lallai su zo ɗaya ba. Sai mun auna da mitar gwada wuta kafin mu gane wannan wayar.

Akwai kuma wani abu da muke yawan gani a baburan da aka yi wa aiki a gida, shi ne jona cajar a wayar fitilar gaba. A babura da yawa wannan wutar daga kwayil, wato abin da ke samar da wuta a inji, take zuwa kai tsaye, tana hawa tana sauka gwargwadon totur, kuma ita ce ke kashe caja, wani lokaci har ta taɓa salular kanta.

Game da ƙarin fitilu da hon mai ƙara da rediyo, za mu ci gaba da saka su, amma sai mun fara auna abin da kwayil da regileta mai daidaita wuta za su iya ɗauka. Idan muka ce wa mutum babur ɗinsa ba zai ɗauki fitilu huɗu ba, ba ƙin ciniki muke yi ba. Ƙwan LED ya fi tsohon ƙwai mai wat 35 ƙarancin shan wuta, shi ya sa muka fi ba da shawararsa, da sharaɗin a saita shi ƙasa don kada ya kashe wa mai tahowa ido.

Muna kuma tunatar da ku ku riƙa rufe murfin cajar, domin ƙurar hunturu da ruwan damina su ne ke cinye ta daga ciki, kuma a watannin Afrilu da Mayu kada a bar salula tana caji a tsakiyar rana, gara a saka ta cikin jaka ko aljihu.

Sabon aikin ya fi ɗaukar lokaci, kuɗinsa ma ya ɗan ƙaru saboda fiyus da dalma, muna neman afuwarku a kan haka. Masu tsohon aiki kuwa, ba ma buƙatar wata takarda daga gare ku, domin muna gane aikin hannunmu. Ku zo da safe kafin rana ta take, kowace rana ban da Juma'a.

Mun gode da amanar da kuke ba mu.

Naku,
Mai shago da yaransa, Tahoua