Wankan tafkin gishiri ba ya maye gurbin asibiti

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wannan yayi na zuwa wankan tafkin gishiri, wanda yanzu wasu ke tallarsa kamar shi ne maganin kowace cuta. Wanda aka fi nunawa a bidiyo shi ne na Pedra de Lume da ke tsibirin Sal a ƙasar Cape Verde.

Wurin kam ikon Allah ne. Bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ya daɗe da mutuwa, gindinsa ya yi ƙasa sosai har ruwan teku yana tsatsafowa ta ƙarƙashin duwatsu ya taru a ciki, rana ta yi ta busar da ruwan gishirin ya zauna. Tun 1804 aka huda jikin dutsen don a riƙa fito da gishiri, kuma ta wannan hanyar masu yawon buɗe ido ke shiga har yau. Ruwan ya yi kauri da gishiri, ko ba ka iya iyo ba in ka kwanta rigingine sai ya ɗago ka, ba ka nutsewa. Haka ma tafkin Assal na Jibuti, mita 155 ƙasa da teku, gishirinsa kusan ninki goma na teku.

Ban ce babu amfani ba fa. Jiki na sakewa, gajiya na tafiya, wasu masu ciwon fata mai ɓawo da ƙaiƙayi ma suna samun sauƙi. Amma wallahi raina na ɓaci in na ji ana ce wa mai hawan jini ko ciwon suga wai wanka kawai zai yi ya warke, mutum ya kashe kuɗin jirgi har ya fara tunanin ajiye maganin da likita ya ba shi, alhali babu ruwan gishirin da ke yin wannan aikin.

Kuma masu tallar ba sa faɗin sauran. Ruwan nan in ya shiga ido raɗaɗi ne ba na wasa ba, in aka haɗiye shi da yawa yana iya kai mutum asibiti musamman yara da tsofaffi, mai rauni a jiki ko wanda ya yi aski ranar zai gane kurensa. Ba a yin ruf da ciki a cikinsa, ba a daɗewa, minti 15 zuwa 20 ya isa, a fito a ɗauraye da ruwan daɗi a sha ruwa sosai. Ku dubi masu haƙar gishiri a tafkin Katwe na Yuganda, su da suke yini a ciki don neman abinci, gyambo ne a ƙafafunsu da hannuwansu.

Roƙona, Malam Edita, ku sa wakilinku na shafin lafiya ya zauna da likitan fata ya yi mana bayani dalla-dalla, wa ya kamata ya shiga, wa bai kamata ba.

Na gode.
Mai karanta jaridarku a kullum