Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan komawa gidan dambe

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Labari ya iske ni cewa an gan ka a gidan dambe kana ɗaure hannu, alhali watanni shida da likita ya yanke maka na shan rivaroxaban, maganin gudan jinin da ke jijiyar ƙafarka, ba su cika ba. Ban so in yarda ba, amma wanda ya faɗa mini ba ya ƙarya.

Na san za ka ce kumburin ƙafar ya sace, sha-raɓarka ta daina zafi, kana gudu babu haki. Alhamdu lillahi, amma wannan aikin maganin ne, kuma maganin nan shi ne yake hana ni barci. Yana jinkirta daskarewar jini domin gudan da ke jijiyarka kada ya ƙaru, saboda haka duk inda jini ya ɓalle ba zai tsaya da wuri ba. Ka tuna yadda ɗan yankan aski ya jiƙa maka hankici. Wancan a fata ne, kana ganinsa, kana iya dannewa. Naushin dambe kuwa kai yake nema, kuma idan jijiya ta fashe a cikin ƙoƙon kai babu mai gani, sai mutum ya tashi daga ƙasa yana dariya, ya koma masauki da ciwon kai da amai, ya kwanta, da asuba a yi ta tashinsa. Wannan nake gani duk lokacin da wayata ta yi ƙara da dare.

An kuma ce kana tsallake ƙwayar ranar wasa. Idan gaskiya ne, wannan wauta ce, ba jarumta ba, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi jijiya ya toshe huhu. Chris Bosh, ɗan ƙwallon kwandon Amurka, ya samu gudan jini a huhu a 2015, wani ya sake fito masa a ƙafa a 2016, bai ƙara buga gasar NBA ba duk da kuɗinsa da likitocinsa. Kai da wa kake taƙama? Bayan abin da muka gani a kan kawunka, da wace fuska kake so in dubi mahaifiyarka?

Ni ba maƙiyin dambe ba ne, da hannuna na fara kai ka fage lokacin da dangi suke zagina a kai. Ban kuma ce ka bar shi har abada ba. Victor Wembanyama, shi ma ɗan ƙwallon kwando a NBA, ya ajiye wasa a Fabrairun 2025 saboda gudan jini a kafaɗa, ya yi haƙuri, ya dawo kafin shekarar ta ƙare.

Ka sha maganinka kullum, ka guji magungunan ciwo ibuprofen da diclofenac, ka bar likita ya sallame ka da bakinsa. Idan kuɗin wasa ne ya ja ka, ka faɗa mini nawa ne, zan sayar da ragon nan in aiko maka. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka