Zuwa ga 'yata da ta fara koyon ɗinki

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, saƙonki ya iso, na kuma yi murna da kika kama sana'ar ɗinki hannu bibbiyu. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai. Kin ce darasin tarihin sutura ɓata lokaci ne, ke dai a ba ki keke da yadi. Saboda ita na zauna rubuto miki.

Allurar nan da kike riƙewa ta girmi noma, ta girmi rubutu. Da ƙashi mutanen farko suka feƙe ta, suka huda mata kafa, suna haɗa fatu don tsare jiki daga sanyi. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps na Turai, ta shafe sama da shekara 5,000 a wurin. Rigarsa ta fatun awaki da tumaki ce, takalmansa an cusa musu ciyawa don ɗumi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne an ga wuraren da rigar ta yage aka sake ɗinke ta. A Landan kuma akwai wata rigar lilin da aka tono a Tarkan ta ƙasar Masar, ita ma ta haura shekara 5,000, har yau ana ganin tattarar da aka yi mata a hannu. Wani ne ya zauna ya jera wannan tattara ɗaya bayan ɗaya.

Kafin inji, zare shi ne wahalar. Mata da yawa ke wuni suna kaɗi kafin su ƙosar da masaƙi guda. Shi ya sa tufa ta kasance dukiya, ana saka ta cikin wasiyya, ana gadonta. Launi ma haka. Mutanen birnin Taya a gaɓar Labanan daga dodon koɗin teku suke tatso rinin shunayya, sai an fasa dubbai kafin a rina ɗan ƙyalle, har sarakunan Rum suka keɓe wa kansu shi. Sinawa sun daɗe suna ɓoye sirrin siliki, sai wajen shekara ta 552 wasu malaman Kirista suka sato ƙwayayen tsutsar da ke yin silikin suka kai wa Sarki Jastiniyan a Kustantiniya, wato Istanbul ta yau.

Labarin auduga nake so ki riƙe sosai, don shi ne mai ɗaci. Masaƙan Indiya sun ƙware har yadinsu mai zane ya mamaye kasuwar Ingila, a 1721 majalisar ƙasar ta haramta sa shi don kare masu saƙar ulu. Daga baya Turawan suka ƙera injinan kaɗi, irin wanda James Hargreaves ya yi wajen 1764, yadi ya yi araha. Amma arahar nan wasu ne suka biya ta: bayin da aka kwasa daga Afirka suna tsinkar auduga a kudancin Amurka, yara ƙanana a masaƙun Mancesta ta Ingila, da masaƙan Indiya da sana'arsu ta durƙushe. Wannan ne ya sa Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya koma kaɗi da hannunsa.

Sauran kin san su ko za ki sani. William Perkin yana ɗan shekara 18 a 1856 yana neman haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya dace da rinin shunayya na sinadari, launin sarakuna ya zama na kowa. Keken Singer ya fito a 1851. Ban raina ko ɗaya ba, ai sun suturta talaka. Sai dai gaggawar da suka haifar ba ta tsaya ba. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinki ya rufta a Bangaladesh, mutum sama da 1,100 suka rasu, yawancinsu mata masu ɗinki, da dama sa'o'inki. An ga tsagewar bangon tun ana gobe, aka ce su koma bakin aiki.

To 'yata, ga abin da nake roƙonki. Idan yadi ya zo hannunki, ki tambayi daga ina ya fito, ki san auduga ce ko roba kafin ki sa masa almakashi. Ki yi ɗinkin da zai jure wanki, ki bar sarari a kalmasa yadda za a iya buɗe rigar idan mai ita ya ƙara jiki. Wanda ya kawo miki gyara kada ki yi masa kallon raini. Ranar da Allah ya ba ki yaran aiki kuwa, ki biya su kafin guminsu ya bushe, kada ki riƙe su dare don kin ɗauki alƙawarin da ya fi ƙarfinki.

Idan kin gama rigarki ta farko, ki juya ta bai-bai ki ɗauko mini hoto, cikin nake son gani. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya sa wa hannunki albarka.

Mahaifiyarki