Nasihar da Baba ya yi mini a bakin mudu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye maza.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, hatsi yake sayarwa a kasuwar Dawanau. Ran da ya fara zaunar da ni a rumfa, na auna wa wata tsohuwa gero, na shafe bakin mudun da hannu. Ya kira ta, ya cika shi har ya yi tsororo. Bayan ta tafi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, abin da ka rage mata a wuyanka zai kwana." Da daddare ya karanta mini wasiyyar Luƙman ga ɗansa a cikin Suratu Luƙman, aya ta 13 zuwa ta 19: tsai da salla, haƙuri, barin taƙama, sassauta murya.

Yau da yawanmu mun sakar wa malamin Islamiyya da wayar hannu wannan aiki. Mu fita da asuba, mu dawo yara sun yi barci. Abin yana ci mini rai matuƙa. Jiya na tafi da babban ɗana rumfa, na miƙa masa mudun kakansa.

Naka,
Mai karatu daga Kano