Zuwa ga Auta, kafin a sa maka farar riga

Ɗana Auta,

Gaisuwa mai yawa daga ni da mahaifiyarka. Muna lafiya. An gama yankan gero, saura dawa, wake kuma bana ya fi na bara albarka.

Na ɗauki biro maimakon in kira ka a waya saboda maganar da ka yi ranar da ka zo hutu, muna zaune gindin darbejiya bayan Misa. Ka ce an yi muku lacca a seminari, makarantarku ta horar da limaman Katolika, kan kare yara, sai wasu abokanka suka ce lalata da yara da ake zargin wasu fada-fada, wato limamanmu, da ita cutar Turawa ce, aikin 'yan luwaɗi ne, ba ruwan Afirka. Kana faɗa kana dariya. Na yi shiru don akwai mutane, amma tun ranar abin yake cina.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina saurayi, sabon katikis mai koyar da addini a majami'a, a wani gari da ba zan kira sunansa ba, akwai wani yaro mai hidimar bagade, bai wuce shekara 13 ba. Fada yakan riƙe shi a gida bayan kowa ya watse, wai ya taya shi shara. Yaron ya fara rama, ya daina wasa, ya daina zuwa majami'a. Wani dare uwarsa ta same ni, ta durƙusa, ta kasa ma kiran sunan abin, sai dai ta ce, “Malam, an ɓata min yaro.” Na kai wa dattawan majami'a. Suka ce a bar kaza cikin gashinta, mu 'yan ƙalilan ne a garin, in maƙwabta suka ji da wane ido za mu kalle su? Wani har cewa ya yi in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A kan yaro ɗan shekara 13 fa! Aka kai maganar sama a ɓoye. Bayan wata biyu sai ga takardar canjin wurin aiki. Muka yi wa mutumin walimar ban kwana, kuma ni na karanta jawabin godiya. Inda aka mayar da shi akwai makarantar firamare a harabar majami'a. Na sani a lokacin, na yi shiru. Yaron ya tafi ci-rani kudu, ban ƙara sa shi a ido ba.

Shekaru da yawa bayan haka na ji labarin birnin Boston na Amurka a rediyo, sai da na ajiye fartanya na zauna. A 2002 'yan jaridar Boston Globe suka tono yadda aka riƙa ɗage wani fada, John Geoghan, daga wannan majami'a zuwa waccan, alhali manyansa sun san halinsa, har waɗanda suka zarge shi suka haura 130. A Disambar shekarar Kadinal Bernard Law ya ajiye muƙaminsa na babban bishop na Boston. Abin da muka yi a garinmu, shi suka yi a can, sai dai su nasu a rubuce yake cikin fayil. A 2018 binciken kotu a jihar Pennsylvania ya lissafa fada sama da 300 da yara sama da 1,000 a dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, guda shida kawai. A Faransa, hukumar da bishop-bishop ɗin ƙasar suka nemi a kafa ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan 216,000 ne limaman Katolika suka ci zarafinsu tun daga 1950. Idan ka bi labaran nan za ka ga abu guda yana maimaituwa: mugu ɗaya ya yi ɓarna, mutanen kirki goma su rufe masa. Shi ya sa waɗanda aka cuta suka fi jin zafin manya. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa.

Masu cewa ba ruwan Afirka, ka tambaye su ko sun san Sista Veronica Openibo. 'Yar Najeriya ce. A taron da Paparoma Francis ya kira a Vatican a Fabrairun 2019 ta tsaya gaban shugabannin bishop-bishop na duniya, ta nuna musu cewa abin yana faruwa a Afirka ma, shiru ne ya rufe shi. A wannan watan na Fabrairun 2019 ne kuma Paparoma ya amsa da bakinsa cewa akwai fada da bishop da suka ci zarafin sistoci.

Mu Hausawa muna roƙon Allah ya rufa mana asiri, addu'a ce mai kyau, ni ma kullum ina yin ta. Amma rufin asirin talaka da ba shi da abin sawa a tukunya dabam, rufe wa mai cutar da yaro dabam. Na biyun, asirin babba ake rufewa da fatar ƙaramin. Kuma kana sa farar rigar nan za ka ji jarabar, domin wanda za a kawo ƙararsa wataƙila abokinka ne da kuka ci tuwo kwano ɗaya a seminari, ko wanda ya taɓa biya maka kuɗin mota.

Sai maganar luwaɗi, wadda ita ta fi damuna a zancen abokanka. Gaskiya ne binciken kwalejin John Jay na 2004 a Amurka ya nuna kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka cuta maza ne. Amma masu binciken sun dawo a 2011 suka ce ba su ga shaidar cewa fada mai sha'awar maza ya fi sauran cutar da yara ba. Abin da suka gani shi ne dama: yara maza ne ke kusa da fada, su ke hidimar bagade, su ke kwana a makarantun mishan, su iyaye ke saki ba fargaba. Sai a 1994 ma Vatican ta yarda a hukumance mata su yi hidimar bagade. Kura naman da aka ba ta ajiya take ci.

Ba na ce maka ka bar koyarwar Ikilisiya ba. Amma katikizim ɗin da na koyar shekara 32, a sakin layi na 2358, ya ce a karɓi masu wannan hali da girmamawa da tausayi, kada a nuna musu wariya ta zalunci. Ka lura da yadda dora musu laifin yake taimakon mai ɓarna. Idanu za su koma kan ɗalibin nan mai sanyin murya, a yi ta kiransa ɗan daudu har a kore shi, shi kuwa mai cutar da yara, wanda galibi mutum ne mai fara'a da kyauta, kowa na yabonsa, yana nan zaune daram. Yarinyar da aka lalata kuma an manta da ita gaba ɗaya, tunda ba ta shiga lissafin. Mafi muni, a ƙasarmu da doka tun 2014 ta sa ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma jama'a kan ɗauki doka a hannu, yaron da babba ya yi wa fyaɗe yana tsoron in ya buɗe baki shi za a kira ɗan luwaɗi. Na tabbata abin da ya kulle bakin wancan yaron ke nan. Duk dariyar da aka yi irin taku, wani yaro yana gefe yana saurare, yana yanke shawarar ba zai faɗa ba.

Ga abin da nake roƙonka. Kada yaro ko yarinya su kwana a gidanka, ko ɗan yayanka ne. In za ka yi magana da yaro, ƙofa a buɗe, inda ido ke gani. In uwa ta zo maka da irin kukan da aka zo min da shi, ka fara yarda da ita, a kai yaron asibiti a ranar. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala don masu irin wannan lalura. Ka sanar da bishop a rubuce, ka riƙe kwafi. Dokar da Paparoma Francis ya fitar a Mayun 2019 ta wajabta wa kowane fada kai rahoto, ta hana a takura wa wanda ya kai, a Disambar shekarar kuma aka cire sirrin fadar Paparoma daga irin waɗannan shari'o'i. Amma kada ka tsaya nan. Fyaɗe laifi ne a dokar ƙasa, ka raka iyayen wurin 'yan sanda da ƙafarka. In wani babba ya ce ka yi haƙuri saboda sunan Ikilisiya, ka buɗe masa Matiyu 18:6, inda Ubangiji ya yi maganar dutsen niƙa a wuya. Ka san nauyin na tsakar gidanmu, kai da yayyenka biyu kuka kasa ɗaga shi.

In hakan ya jawo aka tura ka ƙauyen da ko mota ba ta shiga, ko ma aka ƙi naɗa ka, ka dawo gida. Gonar fadama tana nan, kuma ba zan ji kunyarka ba.

Mahaifiyarka ta ba direba ƙullin kuka da daddawa da yaji, ka je tasha ranar Asabar ka karɓa. Har yanzu ba ta san labarin yaron nan ba. In ka zo Kirsimeti ina so ka zauna kusa da ni lokacin da zan gaya mata.

Ni ne mahaifinka.