Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaba Bola Ahmed Tinubu kan mafi ƙarancin albashi

Mai girma Shugaban Ƙasa, barka da aiki.

A watan Yulin 2024 ka sa hannu kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, bayan yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC da kuma ja-in-ja na watanni. An sha tafi, aka ce an ninka albashi har da ɗori. Ranka ya daɗe, ina roƙonka ka ɗora kuɗin nan a sikeli ɗaya da na maƙwabciyarmu Nijar, ka ga inda muka tsaya.

A 2011 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 18,000 ne. A 2012 Nijar ta tsayar da nata a kan sefa 30,047. A canjin wancan lokaci, dubu 18 ɗin nan tana ba ka sefa kusan dubu 58, wato masinja a Katsina yana karɓar kusan ninki biyu na abin da takwaransa na Maraɗi ke karɓa. A 2019 muka koma naira 30,000, Nijar ba ta motsa ba. Sai a farkon 2024 ta ɗaga nata zuwa sefa 42,000, alhali tana cikin takunkumin ECOWAS, mun rufe mata iyaka, mun yanke mata lantarki.

Yanzu a kai naira 70,000 wurin ɗan canji a Wapa ko a Jibiya. Zai danna na'urar lissafi ya miƙo sefa da ba ta kai dubu 30 ba. Sabon albashinmu bai kai abin da Nijar ta tsayar tun 2012 ba. Sefa 42,000 kuwa ta haura naira dubu ɗari. Ƙasar da ke cikin manyan masu fitar da ɗanyen mai a Afirka, ma'aikacinta ya koma bayan na ƙasar da ko bakin teku ba ta da shi.

Ka fi ni sanin dalili. Sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi ɗaya, ita kuwa naira gwamnatinka ce ta sake ta a watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan ka cire tallafin mai a ranar rantsuwa. Dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta wuce 1,500. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura dubu. A shekarar da ka sa hannu, buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi albashin wata. Mai gadin makaranta da ke da mata da 'ya'ya huɗu, a kwano yake awo, kafin ranar goma ga wata ya koma cin bashi wurin mai shago.

Ba ina cewa talakan Nijar yana cikin daula ba. Can ma akasarin mutane noma da kiwo da buga-buga suke yi, dokar albashi ba ta isa gare su. Amma kai da bakinka ka yi wa ma'aikata alƙawarin albashin da zai riƙe mutum. Ka rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, mun gode. Sai dai shekara uku ta yi nisa ga kuɗin da ke zagwanyewa kullum. Ciki ba ya jiran 2027.

Don Allah ka aika wa Majalisar Tarayya da gyara, a riƙa daidaita albashin duk shekara da alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga. Ka kuma tsawata wa gwamnonin da suka bar malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi a kan tsohon albashi. Akwai ma batun wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, waɗanda doka ta tsame, wannan ma yana buƙatar dubawa.

Naka,
Wani ma'aikaci daga Arewa